Gudummawar Masu Bincike Ga Hukumomi: Darasi Daga Fadamar Haɗeja Da Nguru

Jawabin da babban baƙo mai jawabi, wanda tsohon ɗalibin makarantar nan ne kuma malamin jami'a, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nufe mu da sake haɗuwa a wannan makaranta da ta rene mu. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama. Allah ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kyautata namu zuwan. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin jawabi, alhali ga yayyena nan zaune waɗanda a zamanin ɗalibta ko ido ba ma iya haɗawa da su. To, amma tun da malamai sun ce bin umurni ya fi tsayawa kan ladabi, sai in nemi izininsu in shiga magana.

Gabatarwa

An nemi in yi bayani a kan yadda masu bincike na jami'o'i ke isar da abin da suka gano ga waɗanda ke riƙe da ragamar hukuma a jihohi da ƙananan hukumomi. Da jin wannan take wani zai ɗauka zance ne na 'yan boko a tsakaninsu. Haƙiƙa kuwa zance ne na ruwan da za mu sha, da gonar da za mu noma, da lafiyar 'ya'yanmu. Kuma ban ga inda ya fi dacewa a yi shi ba kamar wannan zaure, domin a nan ne za ka tarar da farfesa, da shugaban ƙaramar hukuma, da babban sakatare, da hakimi, duk a jere a benci ɗaya, mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya tun suna aji ɗaya.

Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, hujja ba ta da ƙafa. Kome ingancin bincike, ba ya sauka da kansa daga kantar ɗakin karatu ya shiga kasafin kuɗi. Tilas ne wani ya ɗauke shi ya kai wa mai yanke hukunci, cikin harshen da yake ji, a lokacin da yake buƙata, kuma ya yi ta komawa har a yi aiki da shi.

Inda Gizo Ke Saƙa

Abubuwa huɗu ne suka fi raba mai bincike da mai mulki. Na farko shi ne harshe. Akan rubuta sakamakon bincike da Turanci mai nauyi, a buga a mujallun ƙasashen waje waɗanda kansila bai taɓa jin sunansu ba. Na biyu shi ne lokaci. Kundin digiri na uku yakan ci shekara uku ko fiye, shi kuwa shugaban ƙaramar hukuma wa'adinsa shekara biyu ne ko uku a yawancin jihohi, wani lokaci ma kantoma ne na 'yan watanni, kuma amsa yake so kafin a rufe kasafin kuɗin bana. Na uku shi ne tsarin ƙarin girma a jami'o'i, wanda ke ƙirga takardun da malami ya buga, ba ya ƙirga yinin da ya ɓata a sakatariya yana yi wa jami'ai bayani. Na huɗu, wanda ya fi su duka, shi ne rashin yarda. Jami'in hukuma yana kallon mai bincike a matsayin mai neman laifi, mutanen ƙauye kuma sun gaji da baƙin da ke zuwa da takardu su yi ta tambayoyi su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu.

Tun da gani ya kori ji, bari in kawo misali na zahiri daga ƙasarmu.

Labarin Ruwan Haɗeja Da Jama'are

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa, shi kuwa kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Idan suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi da ke gabas da garin Haɗeja, sai su rarrabu su malala, su yi babbar fadamar da ta miƙa har Nguru. Ragowar ruwan yakan tattaru wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam, ya raba iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Wannan malala ta kowace damina ita ce arzikin mutane fiye da miliyan ɗaya. Da ita ake noma shinkafa. Idan ruwa ya janye a shuka wake a danshin da ya bari. Masunta su sami kifi, makiyaya su sami ciyawa da mashaya da rani, masu sana'ar kaba da itace su sami na cefane. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuma shi ke ciyar da rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi.

A 1974, daidai lokacin da arewacin ƙasar nan ke fama da babban fari, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babu mai musun alherin wannan aiki. Da ruwan Tiga birnin Kano ke sha, da shi kuma ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashi na farko na shirin. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa, ga kuma shirin gina wata a Kafin Zaki a kan ruwan Jama'are cikin Jihar Bauchi. Sai dai duk ruwan da aka tare a sama, wani aka rage wa a ƙasa. Filin da malala ke rufewa, wanda kan kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da na 1970, ya dawo tsakanin hekta 70,000 da 100,000, sakamakon fari da madatsun ruwa a haɗe.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, mai mazauni a Nguru, da haɗin gwiwar gwamnati, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, da wasu ƙungiyoyin duniya. Asalin abin da ya jawo hankalin waɗannan ƙungiyoyi shi ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamar. To, amma kowa ya san babu shugaban ƙaramar hukumar da zai rasa barci saboda agwagwar Turai alhali jama'arsa na kukan ruwa. Saboda haka shirin ya karkata tambayarsa daga tsuntsu zuwa mutum, kuma wannan shi ne matakin farko na hikimar da aka nuna.

Mataki na biyu shi ne mayar da hujja harshen da hukuma ke ji, wato harshen kuɗi. Masana ilmin ruwa, irin su Dakta Hollis na jami'ar Landan, suka auna ruwan da ke shiga fadamar da wanda ke fita. Masanin tattalin arziki Edward Barbier, tare da William Adams da Kevin Kimmage, suka ƙiyasta abin da ake samu daga fadamar ta hanyoyi uku kawai, wato noma da su da itacen girki, suka kwatanta da ribar noman rani na kogin Kano. Suka gano cewa idan aka ɗauki mudun ruwa ɗaya, ribar da yake haifarwa a fadama ta ninka wadda yake haifarwa a babban shirin noman rani fiye da sau 100, bayan an cire kuɗin da ake kashewa. Ku lura, ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi cikin lissafin ba. Wannan ya rushe tsohon zaton da ake yi cewa ruwan da ya malala a fadama ruwa ne da ya tafi a banza. A 1993 aka tattara waɗannan bincike cikin littafi guda, wanda Hollis da Adams da ɗan ƙasarmu Aminu-Kano suka shirya. A wannan shekara kuma aka zauna da jami'an gwamnati a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru, inda aka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina domin a kwaikwayi malalar da aka saba. Wani binciken da Barbier da Thompson suka buga a 1998 ya nuna cewa ƙarin amfanin da za a samu daga faɗaɗa noman rani a sama bai kai kashi 20 cikin 100 na asarar da za a jawo wa fadama ba.

Mai girma Shugaban Taro, hujja ke nan wadda ba ta da ƙura. Duk da haka aiki da ita ya yi nawa, kuma dalilin yana da muhimmanci. Kafin 1991, Tiga da Haɗeja duk a Jihar Kano suke, Nguru da Gashuwa kuma a Jihar Borno. Da aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe a watan Agusta na wannan shekara, sai madatsa ta kasance a wata jiha, fadama a wasu. Makullin madatsun kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, ƙarshen kogin kuma yana yankin Hukumar Raya Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Wanda ke jin zafin matsalar ba shi da iko a kan ruwa, wanda ke da ikon kuma zafin bai kai gare shi ba. Littafi, kome kyansa, ba ya iya tara waɗannan mutane a ɗaki ɗaya.

Ana cikin haka sai wata sabuwar masifa ta kunno kai. A da, koguna kan ƙafe da rani, ciyayin ruwa su mutu. Da madatsun suka sa ruwa yana gudana rani da damina, sai ciyawar kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da laka. Ruwa ya karkata ya bi mashigar Marma zuwa Nguru yana cinye gonaki da gidaje, wasu rassan kogin suka bushe, abin da Haɗeja ke kai wa kogin Yobe ya kusa yankewa. Kachallar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Wasu suna kukan ambaliya, maƙwabtansu suna kukan ƙishirwa, rikicin manoma da makiyaya yana ƙaruwa saboda ƙarancin fili.

A farkon shekarun 2000 wani shiri da gwamnatin Ingila ta tallafa wa ya ɗauki wata hanya dabam. Maimakon a tsaya ga rahoto, sai aka kafa zaurukan tuntuɓa inda manomi da masunci da makiyayi ke zama tare da sarakuna da jami'an ƙananan hukumomi da injiniyoyin madatsa. Cikin dabarun da aka yi amfani da su har da wani wasa da aka fara gwadawa a Tanzaniya. Katako ne mai gangara da aka yi wa hanya a tsakiya kamar kogi, a zubo ƙananan ƙwallayen gilashi daga sama a matsayin ruwa, kowane ɗan wasa ya gitta tsinke ya karkatar da rabonsa zuwa gonarsa. Idan na sama suka zari da yawa, na ƙasa sai ya tashi da hannu wofi, kowa yana kallo. Abin da shafi ɗari na lissafi ya kasa fahimtar da mutum, sai ya gan shi da idonsa cikin ɗan lokaci. Daga irin wannan zama aka sami jama'a suna fitowa aikin gayya suna yashe hanyoyin ruwa. Sannan aka yi ƙididdigar ruwan kwarin baki ɗaya, aka tsara yadda za a sarrafa shi, har ta kai ga a 2006 an yi taron ƙoli a Damaturu na jihohi shida da abin ya shafa, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, tare da Gwamnatin Tarayya, aka amince da tsarin, aka kuma kafa asusun amana na kula da kwarin.

Daga littafin 1993 zuwa taron Damaturu shekara 13 ke nan. Kuma ba a ce an gama ba, domin kachalla na nan ana fama da ita, ambaliyar 2022 kuma ta yi mummunar ɓarna a Jigawa da Yobe. Amma ko ba kome, maganar ta tashi daga hannun masana kaɗai ta zama ta hukumomi da jama'a, kuma duk mai son tayar da sabon aiki a kan waɗannan koguna ya san akwai lissafin da za a tare shi da shi.

Misalin Kurkunu

Bari in kawo misali na biyu a taƙaice, wanda a cikinsa aka kai gaci. Manya daga cikinmu sun san kurkunu, tsutsar da ke shiga jiki ta hanyar shan ruwan kududdufi, ta yi kimanin shekara guda sannan ta fasa fata ta fito, sau da yawa a daidai lokacin aikin gona. 'Ya'yanmu ɗalibai kuwa sai dai su ji labari. A shekarun 1980, Farfesa Luke Edungbola na Jami'ar Ilorin da abokan aikinsa suka nuna cewa a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Asa ta Jihar Kwara, inda cutar ke kama fiye da rabin jama'a, ta kusa ɓacewa cikin shekara uku bayan an haƙa rijiyoyin burtsatse. Wani bincike na 1987 kuma ya ƙiyasta cewa manoman shinkafa a wani yanki na kudu maso gabas suna asarar kimanin dala miliyan 20 a shekara saboda ita.

A 1988, zamanin Ministan Lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, aka kafa shirin kawar da kurkunu na ƙasa tare da Cibiyar Carter ta Amurka, aka kuma ɗora malaman jami'a, cikinsu har da Edungbola da Farfesa Eka Braide, a kan jagorancin shiyyoyi. Aka bi ƙauye-ƙauye aka ƙirga masu cutar, aka sami fiye da mutum 650,000 a ƙauyuka sama da 5,000. A nan sirrin yake. Shugaban ƙaramar hukuma ba adadin ƙasa baki ɗaya aka kai masa ba, sunayen ƙauyukansa aka kai masa, da yawan waɗanda suka kwanta a kowanne, da abin da za a yi: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo shiga kududdufi, a sa magani a ruwan, a haƙa rijiya. 'Yan sa-kai na ƙauye suna kawo rahoto wata-wata, kowa yana ganin ko adadinsa ya sauka. Daga ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana zuwa ƙauyuka da gidajen gwamnati yana karɓar alkawari, kuma ya dawo ya tambayi inda aka kwana. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da ita a 2013.

Abin Da Ƙungiyarmu Za Ta Iya Yi

'Yan uwa, a misalan nan biyu za ku ga cewa hujja ta yi tasiri ne lokacin da aka mayar da ita naira ko sunan ƙauye, aka kuma sami mutumin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya ɗauke ta. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan yarda da wasu ke kashe shekaru suna nema, mu makarantar nan ta ba mu ita kyauta. Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta duba waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, duk ɗan ƙungiyar da ya kammala bincike da ya shafi yankinmu ya rubuta shafi biyu da Hausa: me ya gano, me ya kamata a yi, nawa zai ci, kuma ofishin wa ya shafa. A buga a mujallarmu, a kuma nemi fili a gidan rediyo a karanta.

Na biyu, 'yan uwanmu da ke riƙe da muƙamai su riƙa aiko da tambayoyin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Kowace shekara dubban ɗaliban jami'a na yawon neman abin da za su rubuta kundi a kai, alhali ƙaramar hukuma na son sanin dalilin da ya sa rijiyoyinta ke ƙafewa, ko dalilin da ya sa yara ke barin makaranta a aji huɗu.

Na uku, ƙungiya ta shirya zama sau ɗaya a shekara tsakanin ɓangarorin biyu, a yi shi kafin a fara tsara kasafin kuɗi, domin shawarar da ta zo bayan an raba kuɗi ihu ne bayan hari.

Na huɗu, wanda ya shiga ƙauye da sallama ya yi bincike, ya koma da sallama ya faɗa wa hakimi da dagaci da jama'a abin da ya samu. Haƙƙinsu ne, domin da bakinsu aka tara shi.

Na biyar kuwa amana ce a wuyan kowa. Mai bincike ya faɗi abin da ya gano yadda yake, da iyakar inda hujjarsa ta tsaya, kada ya rage ko ya ƙara don a ji daɗi. Mai mulki kuma ya adana bayanan ofishinsa, ya buɗe su ga mai nema, kuma kada ya ɗauki wanda ya kawo masa labari mai ɗaci a matsayin abokin gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, kada ku ɗauka bincike sai mai babban digiri. Da ƙungiya za ta saya wa makarantar nan ma'aunin ruwan sama, ku riƙa rubuta abin da ya sauka kowace rana, ku auna zurfin rijiyar makaranta kowane wata, to bayan shekara goma za a sami littafin da injiniya zai zo yana roƙo a ba shi ya duba. Masanan da suka auna ruwan Haɗeja sun dogara ne a kan irin waɗannan bayanai da ƙananan ma'aikata suka yi ta rubutawa shekara da shekaru ba tare da an san sunansu ba.

Kammalawa

Mai girma Shugaban Taro, malamanmu sun koya mana cewa ilmin da ba a yi aiki da shi ba nauyi ne a kan mai shi, mulki kuma amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita. Wanda ke jami'a da wanda ke sakatariya jama'a ɗaya suke yi wa hidima, kuma daga cikin jama'ar nan iyayenmu suka sayar da amfanin gona suka kawo mu wannan makaranta. Ina fata kafin taron baɗi a ce an yi zama na farko, ko da a kan matsala ɗaya ce ta ƙaramar hukuma ɗaya.

Ina neman afuwa idan na tsawaita. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kan 'yan ƙungiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.